Wuyar Neman Digirin Halayyar Ɗan Adam A Jos

Duk wanda ya san garin Jos ya san Farin Gada, ko don kasuwarta ta kayan gwari. Nan ne manyan motoci ke lodin tumatir da kabeji da karas da dankalin Turawa su nufi Kudu. Amma akwai wani ayari da ke ratsa wurin kullum da sassafe, cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, wanda 'yan kasuwa ba su cika kula da shi ba. Su ne ɗaliban Jami'ar Jos masu neman abin hawa zuwa sabon mazaunin jami'ar da ke Naraguta. Cikinsu akwai 'yan wani sashe inda ake koyar da ilmin da Turawa ke kira saikoloji, watau ilmin halayyar ɗan Adam. A takarda karatun shekara huɗu ne. Wanda ya shiga ya fito, shi ya san ko huɗun ce.

Shi dai wannan ilmi ba tsoho ba ne a matsayinsa na fanni mai zaman kansa. Cikin 1879 ne wani Bajamushe, Wilhelm Wundt, ya buɗe ɗakin gwaje-gwajensa na farko a birnin Leipzig. A Nijeriya kuwa sai cikin 1964 aka kafa masa sashe a Jami'ar Nsukka, Jami'ar Legas ta biyo baya cikin 1969. Ita Jami'ar Jos ta fara ne cikin 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafafunta cikin 1975, ba a daɗe ba kuma ta buɗe nata sashen. Shekara da shekaru, ɗan Arewa mai son cikakken digiri a wannan fanni, in ba zai ƙetare Kwara ba, to Jos ce mafakarsa. A Zariya ana koyar da reshensa da ya shafi tarbiyya da koyarwa a tsangayar ilmi, amma wannan reshe ne guda daga cikin rassa. Daga baya ne Makurɗi da Keffi da wasu wurare suka buɗe nasu.

Wahalar farko tun daga gida take farawa. Yaro ya zo wa mahaifinsa da takardar samun gurbi, ya durƙusa ya ce, "Baba, an ba ni saikoloji." Uban ya ce, "To, madalla. Likita ke nan za ka zama?" Ya ce a'a. "Lauya?" A'a. "To, in ka gama me za a kira ka?" Nan fa ake yin ta. In yaron ya ce zai riƙa taimakon masu damuwa da masu taɓin hankali, sai uwar ta dafe ƙirji, ta ce ita ba ta haifi ɗan da zai ƙare rayuwarsa cikin mahaukata ba. Abokai kuma su sa shi gaba da tsiya, kowa ya gan shi ya ce, "To boka, faɗa mini abin da ke zuciyata." Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya shekara huɗu yana cin kuɗin mahaifinsa a kan karatun da mahaifin bai san sunansa da harshensa ba.

Wani abin kuma, ba duk wanda ke cikin ajin ne ya nemi fannin ba. Tun da aka kafa hukumar JAMB cikin 1978, masu neman shiga jami'a sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Yaro ya nemi aikin lauya ko likita, makinsa bai kai ba, a tura shi inda ke da sauran wuri, shi kuwa ya karɓa don kada shekara ta wuce shi. Irin wannan ɗalibi yakan shiga aji da rabin zuciya, yana zaton ya faɗo kan karatu mai sauƙi, na zance da hira.

Ashe lissafi na jiransa

Abin da ke fara karya gwiwar ɗalibai da yawa shi ne lissafi. Ga yaro ya gudo daga ajin kimiyya tun yana sakandare don tsoron alƙaluma, ya lallaɓa ya sami kiredit a lissafi da ƙyar da jiɓin goshi, don ba a ɗaukar mutum sai da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, yana murna ya rabu da ƙaya. Sai ga shi tun shekarar farko an kafa masa darasin ƙididdiga, kuma ba za a rabu ba har ranar fita.

Dalili kuwa a fili yake. Kowa a duniya yana da ra'ayi a kan halin mutane. Tsohuwa tana da nata, direba yana da nasa, mai shayi ma haka. Abin da ya raba masanin wannan fanni da mai shayi shi ne awo. A ce ɗalibi yana son ya san ko 'yan dako masu kwana a kasuwar Farin Gada sun fi masu komawa gida fama da rashin barci. Bai isa ya tambayi mutum biyar da ya saba da su ya hau rubutu ba. Wajibi ne ya san yadda zai zaɓi mutanen ba tare da son rai ba, da adadin da zai wadatar, sa'an nan in ya ga bambanci tsakanin rukunin biyu, ya auna ko bambancin na gaske ne ko kuwa katari ne kawai. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, in katari kaɗai zai iya haifar da irin wannan bambanci fiye da sau 5 cikin 100, to ba a kafa hujja da shi. Bayan wannan ma da sauran rina a kaba, domin ganin abu biyu suna tafiya tare ba shi ne shaidar ɗaya ya haifi ɗaya ba. Mai yiwuwa ne ba kwanan kasuwa ya hana su barci ba, talaucin da ya hana su kama ɗaki shi ne ya hana su barcin.

Har ila yau akwai darasin auna ma'aunin kansa, wanda kowace mai awon hatsi za ta gane shi nan take. Mudun da aka bubbuge gindinsa ya lotsa, kullum awo ɗaya zai ba ka, ba ya saɓawa, amma fa ba mudu ba ne. Haka takardar gwajin basira ko ta damuwa take. Sai an tabbatar ba ta saɓawa, sa'an nan a tabbatar abin da aka ce tana aunawa shi take aunawa. Ɗalibin da ya faɗi wannan darasi sai ya maimaita shi baɗi tare da ƙannensa, ga kuma darussan sabuwar shekara a kansa. Kwantai kan kwantai ke nan. Maki kuwa tarawa ake yi tun daga zangon farko, a kan ma'auni mai hawa 5. Mai son daraja ta ɗaya sai ya riƙe 4.50, mai son babbar daraja ta biyu sai 3.50. Wanda ya yi sake a shekarar farko, yana ganin ai da sauran lokaci, yakan shekara uku yana biyan bashin wannan sake.

Daga lissafi sai ƙwaƙwalwa. A nan ɗalibi zai haddace sassanta da sunayensu na Latin, ya san yadda saƙo ke tsallakawa daga wannan jijiya zuwa waccan a cikin ƙwayoyi wajen biliyan 86, da abin da giya ko wiwi ko maganin tari mai kodin ke yi wa wannan saƙo. Zai karanta labarin karnukan Pavlov na Rasha, waɗanda aka saba musu da jin wata ƙara kafin abinci har ya zamana ƙarar kaɗai na sa su dalalar da miyau. Duk wannan a ƙa'ida da gwaji ake koyonsa, da na'urori da dabbobi. Inda kayan aiki suka yi ƙaranci, kamar yadda jami'o'in gwamnati suka daɗe suna kuka, sai a koma ga allo da alli, ɗalibi ya haddace gwajin da bai taɓa gani da idonsa ba.

Mudun wani gari

Amma wahalar da ta fi kowace zurfi, wadda kuma ba a cika faɗinta ba, ita ce ta baƙuntar ilmin kansa. Cikin 2008 wani masani Ba'amurke, Jeffrey Arnett, ya bi manyan mujallun wannan fanni ya ƙirga mutanen da aka yi bincike a kansu. Ya tarar kashi 96 cikin 100 mutanen ƙasashen Turawa ne masu arziki, kashi 68 kuwa daga Amurka kaɗai. Watau abin da littafi ke kira halin ɗan Adam, galibi halin wani yanki ne ƙarami na 'yan Adam. Shi Piaget na Suwizalan da ake karanta matakan girman hankalin yaro daga gare shi, 'ya'yansa uku na cikinsa ya zauna ya lura da su a farkon aikinsa.

To, ɗauki ɗiyar Hausawa da ke zaune a wannan aji. Littafi ya gaya mata alamar shaƙuwar uwa da ɗa ita ce kallon ido da ido, da kiran suna, da wasa da shi a gaban kowa. Ita kuwa ta tashi a gidan da uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, wani lokaci ma kaka ce ko gwaggo ke ɗaukarsa bayan yaye. In aka auna wannan uwa da mudun littafi sai a ce ba ta ƙaunar ɗanta, alhali kuwa kunya ce, kuma duk unguwa an san wanda ta fi ji a ranta. Haka yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba, littafi na iya lissafa shi cikin masu tsoro ko marasa sakin jiki, a gida kuwa shi ne mai ladabi. Ɗaliba ta san amsar littafi ba ta dace da gidansu ba, amma ita za ta rubuta in tana son maki.

Sai kuma Freud na birnin Biyana, wanda ya ce a ɓoye cikin zuciyar yaro ƙarami akwai kishin ubansa a kan uwarsa, ya kuma ɗauki addini a matsayin ruɗin da ɗan Adam ya ƙaga don ya sami natsuwa. Ɗalibi Musulmi ko Kirista ya fito daga masallaci ko coci ya zauna ya rubuta wannan a jarrabawa, dalla-dalla. Ba a Jos aka fara jin wannan ƙaiƙayi ba. Wani shehin malami ɗan Sudan, Malik Badri, ya wallafa ɗan littafi cikin 1979 a kan tsaka-mai-wuyar da Musulmi masana wannan fanni ke ciki, ya ce a ɗauki abin da gwaji ya tabbatar, a yi hattara da abin da falsafar mai shi ce kawai. Shi ne kuma ya ja hankalin jama'a ga Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu cikin 934, ya bar littafin da ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, ya kuma bayyana yadda ake magance mugun tunani da kyakkyawan tunani. Shekara dubu ke nan da ɗoriya. Sau da yawa ɗalibi sai ya nemo irin waɗannan da kansa.

A Nijeriya ma an yi waɗanda suka ƙi karɓar mudun baƙo ido rufe. Cikin 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu jinya ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da danginsu, har ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A nan ƙasar ne kuma wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, ya bayyana wata cuta cikin 1960 wadda ya gani a jikin 'yan makaranta: kai ya ɗau zafi, a ji kamar wani abu na tafiya a cikinsa, ido ya yi duhu, a karanta shafi a kasa riƙe ko kalma ɗaya. Ya kira ta gajiyar ƙwaƙwalwa. Ɗaliban sashen sukan karanta wannan babi ana saura kwana kaɗan jarrabawa, kowa na shafa kansa.

Duk wannan yana taruwa ne a shekarar ƙarshe, lokacin kundin bincike. Yawancin takardun gwaji da Turanci aka tsara su, kamar ta Aaron Beck ta 1961 mai tambaya 21 a kan ciwon baƙin ciki. Ɗalibin da ke son ya yi aiki da ita a Farin Gada sai ya juya ta zuwa Hausa, ya ba wani wanda bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da ita Turanci, a gwada a ga ko ma'ana ta zube a hanya. Tana kuwa zubewa. Kalma guda ta Turanci, Hausa na iya raba ta gida huɗu: damuwa daban, baƙin ciki daban, ɓacin rai daban, faɗuwar gaba daban. Mai ciwon ma ba lalle ya ambaci ko ɗaya ba, sai ya ce jikinsa ne ya mutu, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko kuwa iska ce ta taɓa shi. Bayan an gama wannan, ga dillali yana tsakiyar ciniki, kwandunan tumatir na jiran mota, a ce ya tsaya ya zaɓi ɗaya daga amsa huɗu har sau 21. Wani ya ce nawa za a ba shi. Wani ya zaci ma'aikacin haraji ne. Wani kuma, don kara, ya ba da amsar da yake jin ita ɗalibin ke so. Matan da ke cikin kulle, ɗalibi namiji ba shi da hanyar kaiwa gare su sam. Kuɗin buga takardu da na mota da na ɗaure kundi duk daga aljihunsa.

Kwanakin da ba a lissafa ba

Ko da ɗalibi ya iya da littafi, akwai abin da ba ya hannunsa. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki na wata 5 da 'yan kai cikin 2013. Cikin 2020 ta yi na wata 9, daga Maris zuwa Disamba, ga kuma annobar korona. Cikin 2022 ta sake yin na wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wanda ya shiga jami'ar tarayya cikin 2019, yajin aiki biyu kaɗai sun cinye masa wata 17, kuɗin hayar ɗakinsa kuwa bai tsaya ba, don mai gida bai shiga yaji ba. Wanda ya fara karatu da 'yan shekarunsa, wannan jinkiri na iya tsallakar da shi shekara 30, a hana shi zuwa bautar ƙasa, a ba shi takardar yafewa.

Jos kuma tana da nata na musamman. Rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, sun raba unguwannin garin, har ya zamana ɗalibi baƙo kafin ya tambayi kuɗin ɗaki sai ya tambayi su wane ne mazauna layin. Cikin Agusta 2021, bayan kisan matafiya a hanyar Rukuba, aka sa dokar hana fita, aka dakatar da jarrabawa, aka rasa rayukan wasu ɗalibai, gwamnatocin jihohi suka yi ta aiko da motoci suna kwashe 'ya'yansu. Abin tausayi, ɗalibin da ke karanta babin firgicin da ke bin mutum bayan tashin hankali, shi kansa yana zabura in taya ta fashe a bakin titi. Cikin Oktoba 2016 kuma gobara ta cinye babban ginin ɗakin karatu na Naraguta, wanda ke ɗauke har da ofisoshin wasu sassa na ilmin zamantakewa, littattafai da kundayen shekaru suka zama toka. Cikin 2023, shekarar da aka janye tallafin man fetur kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, jami'ar ta sanar da ƙarin kuɗin makaranta daga wajen Naira 45,000 zuwa sama da 200,000, sai da ɗalibai suka fito zanga-zanga aka rage.

To, a ce an jure an gama, an sa hula da riga an ɗau hoto. Nan ne mahaifi zai ji labarin da bai zata ba: digirin farko bai ba ɗansa ikon duba majinyaci ba. Mai son aikin asibiti sai ya koma ya yi digiri na biyu a fannin jinya, ya kuma yi zaman koyon aiki ƙarƙashin ƙwararru. Ko ya gama wannan ma ba shi ne likitan ƙwaƙwalwa ba, ba ya rubuta magani. Nasa aikin gwaji ne da magani ta hanyar zance da sauya ɗabi'a. Saboda haka da yawa daga masu digirin farko sukan ɓuge da koyarwa, ko banki, ko ofishin kula da ma'aikata, masu sa'a su sami gidan gyaran hali ko hukumar NDLEA ko ƙungiyoyin agaji da ke aiki da 'yan gudun hijira a Maiduguri.

Alhali kuwa ba aikin ne babu ba. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa cikin 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Wannan matsala tun tuni aka hango ta daga Jos, domin a nan ne Farfesa Isidore Obot, wanda ya koyar a wannan sashe, ya kafa cibiyar CRISA ta binciken shaye-shaye cikin 1990, kafin ya tafi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya. Cikin Satumba 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, ba a jima ba aka fasa wani a Daura. Yawancin waɗanda ke ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biya, ba don ƙiyayya ba sai don ba su san wata ƙofa da za su ƙwanƙwasa ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan, bisa faɗin ƙungiyarsu cikin 2022, ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Manyan asibitocin wannan fanni a Arewa ana ƙirga su da yatsu: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano.

Cikin Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ita ma gadon wata ce ta Turawan mulki ta 1916. Dokar ta ba majinyaci haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci, ta kuma taƙaita ɗaure shi da tsare shi. Amma doka ba ta zama da saurayin da ƙwaya ta juya wa kai ta saurare shi da Hausa, ba ta kuma zama da uwarsa ta fahimtar da ita cewa ba asiri aka yi masa ba. Mai yin wannan sai wanda ya ci jarrabawar ƙididdiga, ya tsallake yajin aiki, sa'an nan mahaifinsa ya yarda ya sake buɗe bakin aljihu a karo na biyu, a lokacin da ƙanne uku ko huɗu ke layi suna jiran nasu kuɗin JAMB.